Fita Daga San Marino Ta Gonar Inabi

Masana sun daɗe suna musu a kan abin da ke mayar da fili ya zama ƙasa. Wasu sun ce tuta, wasu sun ce harshe, wasu sun ce jinin da kakanni suka zubar. Ni dai, bayan shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata da ke Samaru, na tsaya a kan cewa ƙasa ba komai ba ce illa ganga biyu, da katako mai ƙusoshi, da mutum ɗaya a gefe yana ɗaga wa direba hannu. Duk inda aka rasa waɗannan, daji ne, ko da an shimfiɗa masa kwalta. Wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kaduna ba ya bukatar dogon bayani. A wurinmu hukuma ita ce wadda ta tsayar da kai. In kuwa ka wuce ba a tsayar da kai ba, kada ka yi murna, laifinka ne aka ajiye maka a gaba.

Da wannan aƙidar na je Italiya, a shekarun da wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Samaru ba. Sistocin mishan da suka kafa makarantarmu ne suka shirya wa malamai wani ɗan gajeren kwas a kusa da garin Rimini, a bakin teku, aka zaɓe ni. Sai dai kowa ya san abin da Italiya ke nufi a wancan lokaci in aka haɗa ta da sunan mace 'yar Najeriya. Ana kwaso 'yan matan da aka kama a titunan can, a sauke su a Legas, a nuna su a talabijin suna rufe fuska da jaka. Yaya Saratu, yayar maigidana, ta taso takanas daga Unguwar Gabas ta zauna a falonmu, ta shaida wa ƙanenta cewa namijin da ya bar matarsa ta je wannan ƙasa ya sayar da hularsa. Maigidan nawa, Baban Ladi, ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ba ya son hayaniya. Ya ce mata Rifkatun da ya sani ita ce za ta tafi, ita ce kuma za ta dawo. Yaya Saratu ta ce to, Allah ya kai mu. Ta faɗe shi da muryar wadda ta riga ta kama kujera a layin gaba.

Don haka ban da akwati, akwai wani kaya da na ɗauka a ka. Na san in wani abu ya faru aka dawo da ni da rakiyar 'yan sanda, ba wanda zai tambayi dalili, a coci ne, a kasuwa ne, ko a ofishin malamai. Iyaye za su fara tambaya wace ce ke koyar da 'ya'yansu. Mutumin da ya tsaya mini a gaban yayarsa kuwa, shi zai yi ta yawo a Samaru da kansa a sunkuye.

Italiyar ma ba ta bari na manta ba. Jami'in da ya karɓi fasfona a filin jirgi ya tambaye ni sana'ata sau biyu, da na ce malama ce ya dube ni daga ɗankwali zuwa takalmi. A Rimini kuma, ranar da na fita sayen katin waya, wata mota ta rage gudu a kusa da ni, wani dattijo mai furfura ya sauke gilashi ya yi mini alama da yatsa. Tun daga ranar ban sake fita ba sai da Baibul a hannu, a fili, yadda makaho ma zai gan shi.

Ana gab da gama kwas sai ga Maman Obinna. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibiya, Hausarta kuwa in ta juya maka baya sai ka rantse daga cikin ganuwar Zazzau ta fito. Tana da shagon takalma da jakunkuna a layin shagunan PZ, na kuma koyar da 'yarta. Ta zo sarin kaya ne a masana'antun da ke kewayen wurin, ta ji ina kusa, ta nemo ni a ranar hutuna ta ƙarshe, jirgina zai tashi jibi. Ta ce mu je mu ci abinci. Na ce ni San Marino nake so in gani. Na bayyana mata cewa wata 'yar jamhuriya ce a kan dutse, Italiya ta kewaye ta ta ko'ina kamar ƙwallon dabino a cikin dabino, kuma na yi shekaru ina nuna wa yara ita a taswira da bakin biro, don yatsa ya fi ta girma. Ta tambaye ni me ake sayarwa a can. Na ce tarihi.

Ta ce, "Malama, tarihi ba ya fita a PZ. Amma mu je, kada ki ɓata ki ce ba ni da kirki."

Muka hau bas a gaban tashar jirgin ƙasa. Tun kafin mu bar gari na fito da fasfo na ɗora a cinya, na buɗe shafin hoto, na gyara ɗankwali ya yi daidai da na hoton. Bas ta wuce shaguna, ta wuce gidajen mai, ta fara hawa tana lanƙwasa kamar maciji a kan bango. Ina jira ta tsaya. Ta tsaya kam, amma don wata tsohuwa ta sauka da kwandon kayan miya. Muka ci gaba da hawa har kunnuwana suka toshe. Can sai direba ya kashe mota a wani fili, kowa ya sauka. Na matsa kusa da shi na tambaye shi da Turanci ina iyaka take. Ya nuna bayansa da babban yatsa, can ƙasa, inda muka baro tun tuni.

Mun shiga ƙasar mutane ba sallama.

Garin kansa ba ya kwantar da hankali. Ni da nake ganin Kufena na garinmu dutse ne, ranar na san tarin tsakuwa ne. An gina gidaje da hasumiyoyi uku a kan bakin dutsen, daidai inda mai hankali zai ja da baya. In ka leƙa ta kan katanga, tsuntsaye a ƙarƙashinka suke shawagi. Gajimare ba a sama yake ba, a titi yake tafiya tare da mutane, ya lulluɓe ka ya wuce ya bar maka sanyi a wuya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shaguna ne. Kusa da mai sayar da turare akwai mai sayar da takubba, kusa da mai askirim akwai taga cike da bindigogi da kwari da baka, an jera su kamar burodi. Daga baya na ji cewa yawancinsu na ado ne. A lokacin dai abin da na fahimta shi ne, ƙasar da kowane shago ma'ajiyar makamai ne ba ta bukatar mai gadi a ƙofa. Na tuna kuma abin da nake koyarwa, cewa shugabanni biyu ne ke mulkinsu a tare, ana sauya su duk wata shida, lokacin da a wajenmu bai isa a gama yi wa gidan gwamnati fenti ba. Na ce a raina, wato ko roƙo za a yi, mutum biyu za a roƙa.

Mahaifina mai bishara ne, ya yi yawo a ƙauyukan Zazzau da keke. Bai taɓa shiga gari ya sauke kaya ba sai ya fara zuwa ƙofar mai gari ya kai gaisuwa, ya faɗi sunansa da na ubansa da abin da ya kawo shi. Yakan ce baƙon da bai kai gaisuwa ba, in akuya ta ɓata a daren, shi ne. Da wannan tarbiyya na ce wa Maman Obinna lallai mu je mu nuna kanmu ga hukuma kafin hukuma ta nemo mu. Ta ce ita a saninta hukuma kamar kare mai barci ce, ba a zuwa a tashe shi a gaishe shi. Na nace. Ta bi ni tana gunaguni.

A gaban fadar gwamnati akwai masu gadi da koriyar riga da jan wando, da gashin tsuntsu a hula. Na je gaban ɗaya na ɗan rusuna, na miƙa masa fasfo da hannu biyu. Ko ƙifta ido bai yi ba. Wasu 'yan yawon buɗe ido suka ɗauka wasa ne, suka ɗauke mu hoto. Can wani abokin aikinsa ya ji tausayina, ya zo ya dubi fasfon, ya yi murmushi, ya nuna mini wani ofis a wani lungu. A ofishin wata mata mai fara'a ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe sabon shafi, ta manna wata 'yar takarda mai launi, ta buga hatimi a kai, ta karɓi 'yan kuɗi kaɗan. Hatimi ne mai kyau, da kambi da hasumiyoyi uku. Na yi ajiyar zuciya, na ji na zama baƙuwa ta halal. Matar ta miƙa hannu ga Maman Obinna, ita kuwa ta rungume jakarta ta ce a gaya mata ta gode, ba a rubutu a fasfonta sai dole.

Muka sayi wata irin gurasa da aka naɗe da cuku, muka zauna a kan wani dakali nesa da bakin dutse. Maman Obinna ta karɓi fasfona don ta ga abin da na sayo da kuɗina. Ta yaba hatimin. Ta juya shafi zuwa na biza. Sai na ga ta daina tauna.

Ta ce, "Malama, bizarki shiga ɗaya ce."

Na ce na sani, ai sau ɗaya na shiga.

Ta ce, "To yanzu a ina kike?"

Amsar ita ce darasin da nake ba 'yan aji uku. Ina wata ƙasa. Na shiga Italiya sau ɗaya kamar yadda aka yarje mini, na fita daga cikinta, kuma da hannuna biyu na je na roƙi a buga mini shaida. Na yi ƙarfin hali na ce ai da safe ba wanda ya tsayar da mu. Ta dube ni kamar yadda nake duban yarinyar da ta ce Kano ce babban birnin Nijar. Ta ce wa ke tsare mai fita? Ita ta yi shekaru tana zuwa Kwatano, tafiya lami lafiya ake yi, a dawowa ne kwastan ke fitowa daga kowane gindin bishiya. Haka duniya take. Ba a gadin ƙofa don wanda zai bar gida.

Maganar ta shige ni, domin ta yi daidai da duk abin da na sani. Kuma ilmina ya tashi ya taya ta. Na san San Marino ba ta da filin jirgin da zan hau in koma gida. Na san ba ta da teku. Na san duk hanyar da ta fita daga cikinta Italiya take shiga. Ban taɓa jin haushin sanin abu kamar ranar ba.

Na ce mu koma wurin matar nan mu tambaye ta. Maman Obinna ta ce wanda ya je ya tambayi hukuma ko ya yi laifi, ya rage mata aiki ne. Na ce in yage shafin. Ta ce fasfo mai yagaggen shafi ya fi mai hatimi saurin kai mutum kurkuku. Ita bizarta ta 'yan kasuwa ce, tana shiga ta fita yadda ta ga dama, fasfonta kuma tas. Na ce mata ta hau bas ta tafi, kada laifina ya shafe ta. Ta ce in ta koma Sabon Gari ita kaɗai, da wane baki za ta gaya wa Baban Ladi ta bar matarsa a kan dutse?

Akwai wayar kati a gefen fili. Na kira gida. Baban Ladi ya ɗauka, muryarsa tana zuwa a makare kamar daga cikin rijiya. Ya ce an yi ruwa jiya har ya cika kwatar gaban gida, Ladi ta ci jarrabawar lissafi, matan zumunta sun tambaye ni. Ya ce Yaya Saratu ta ce da ita za a je taryata a tashar Kwangila. Ta bayansa ina jin zakaran maƙwabta da ƙarar injin markaɗe. Ban taɓa sanin injin markaɗe na iya sa mutum hawaye ba. Ya tambaye ni ko lafiya, ya ji muryata wani iri. Na ce sanyi ne. Katin ya ƙare.

Da na dawo Maman Obinna ta riga ta gama shiri. Ta ce babu iyakar da ba ta da ɓarauniyar hanya. Abin da mata masu fasa-ƙwaurin shinkafa a hanyar Kwatano ke yi shi za mu yi: mu bi bas zuwa gindin dutse, mu sauka kafin shinge, mu yanki daji mu zagaye shi, mu ɓulla a titi ta can gaba mu hau wata motar kamar ba mu ba. Ni da ko layin asibiti ban taɓa tsallakewa ba, na ce to. Tsoro ba ya shawara da tarbiyya.

Muka gangara. A wani gari da ke gindin dutsen, da muka ga shaguna sun fara yawa kamar yadda suke yi kusa da kowace iyaka, Maman Obinna ta taɓa ni muka sauka. Muka bi bayan wani katafaren sito, muka shiga gonar da aka yi wa huɗa. Sai a nan na lura da shigarmu. Ni atamfa ce a jikina ruwan ɗorawa mai manyan furanni, wadda na zaɓa don hoto, ana hango ta daga wata ƙasar ma balle wannan. Ita kuwa takalmi ne a ƙafarta mai tsini, cikin samfurin da ta saro, tana gwada ƙarfinsa. Ƙasar wurin laka ce mai kama ƙafa. Muka ratsa wata sarƙaƙiya mai ƙaya da ta yi mini zane a ƙwauri, muka faɗa wani rami mai ruwa muka fito, tsinin takalminta ɗaya ya zauna a can. Ta cire ɗayan ta riƙe a hannu, ta ce aƙalla ta san wannan samfurin ba za ta sake saro shi ba. Ba wanda ya yi dariya. Duk ƙarar da na ji, ko ta ganye ce, sai in ji kamar an ce tsaya.

Mun yi tafiya mai nisa a cikin itatuwan zaitun kafin mu shiga wata gonar inabi da ta gangara zuwa wani rafi, wanda bai kai rafin Kubanni namu da rani ba. A kan rafin akwai 'yar gada. A bakin gadar akwai allo mai tambarin hukuma. Kusa da allon kuma baƙar mota ce mai fitila a ka, da wani mutum cikin kayan sarki ya jingina da ita yana shan taba.

Maman Obinna ta ja ni ƙasa. Ta raɗa mini cewa ga iyakar nan, har nan ma sun sa mutum, amma shi kaɗai ne, kuma ba ɗan sandan da ba ya tashi cin abinci. Da ya tafi mu ruga mu haye gadar, shi ke nan mun shiga Italiya.

Muka kwanta rub da ciki a tsakanin layukan inabi. Rana ta karkata amma tana da zafi. Tururuwa suka gano raunukan ƙafata. Mutumin ya gama taba ɗaya ya kunna wata. Na karanta duk zaburar da na haddace, na koma na sake. A tsakani ina ganin abin da zai biyo baya filla-filla, kamar an kunna mini talabijin: ni a matakalar jirgi a Legas da jaka a fuska, wata a Sabon Gari tana cewa ai wannan atamfar na san ta, shugabar makaranta tana kirana ofis tana neman kalmar da za ta fara da ita. Na ga Baban Ladi yana tura babur ɗinsa ya wuce majalisar masu shayi ba tare da ya tsaya ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na yi wa Ubangiji alkawura da yawa a wannan gona, waɗanda har yau nake biya a hankali.

Ba ɗan sandan ne ya gano mu ba. Kare ne, wani ɗan guntu mai kunnuwa har ƙasa, ya tsaya a kanmu yana haushi kamar an biya shi. Bayansa sai ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, da kwando a hannu ɗaya da lanƙwasasshiyar wuƙa a ɗayan. Ta dube mu, mata biyu manya kwance a gonarta, ɗaya da takalmi ɗaya a hannu. Na ɗaga Baibul. Ba ta kula shi ba. Ƙafata ta duba, ta ga jini, ta kama haɓa, ta fara zuba magana da yarensu, irin faɗan da uwa ke yi wa yaron da ya faɗo daga mangwaro. Ta kama hannuna ta ɗaga ni.

Gidanta na saman gonar. Ta zaunar da mu a kicin, ta wanke mini ƙwauri da wani abu mai yaji kamar barkono, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Ta ba Maman Obinna silifas na maza. Ta yanka burodi, ta ajiye mana inabi da ruwa. Ba kalma ɗaya da muka fahimta a tsakaninmu, amma na ji jikina ya fara saki, har na soma tunanin wataƙila ta san wata hanyar da ba gada. Sai ta tafi bakin ƙofa, ta sa hannu a baki, ta ƙwala kira zuwa wajen rafi.

Ta taga muka ga mutumin ya yar da taba, ya murje ta da ƙafa, ya jefa wani abu a baki, ya kamo hanyar gidan.

Maman Obinna ta kama hannuna a ƙarƙashin tebur.

Ta ce, "In ya tambaya, ni na kawo ki, ni na ce a bi daji. Ke ba ki san komai ba. Ni 'yar kasuwa ce, an saba jin sunana a bakin mutane. Ke naki bai saba ba."

Ya shigo ya cire hula. Mutum ne babba, da furfura a gefen kai da bindiga a ƙugu. Tsohuwar ta matsa kusa da shi, ta shinshina rigarsa, ta ɗaga hannu ta ɗaka masa duka a ƙeya. Ya sunkuyar da kai ya karɓa. Ɗanta ne. Ashe abin da ya tsayar da shi a bakin gada shi ne uwarsa ta hana shi shan taba, can ne kawai ba ta jin wari.

Wannan bai rage mini komai ba, ɗan sandan da aka mara a gabanka ya fi kowane haɗari. Yana jin Turanci kaɗan. Ya nemi takardunmu. Ya duba na Maman Obinna ya mayar. Ya buɗe nawa, ya tsaya a shafin biza, ya ƙirga wani abu da yatsa, ya juya, ya iso kan hatimin. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya nuna wa uwarsa, ta goge hannu ta karɓa, ta kai shi kusa da taga tana jinjina kai. Ya ce mamarsa ta ce tun tana yarinya take kallon dutsen nan, ba ta taɓa sanin suna da abu mai kyau haka ba. Ya ce wannan hatimi na tsaraba ne, ana sayar wa baƙi kamar katin hoto, ba ruwansa da shige da fice. Bizata lafiya lau take.

Ban yarda ba. Na ga 'yan sandan da ke dariya da mutum har su kai shi bakin mota. Da kuwa ya tambayi abin da muke yi a cikin inabin mamarsa, Maman Obinna ta ce Italiya muke so mu shiga, sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da hularsa, ya ce mu taso ya kai mu.

Haka na tsinci kaina a bayan motar 'yan sanda a Turai, wato daidai hoton da na wuni ina gudu. Tsohuwar ta cusa mini ƙullin inabi ta taga. Na ja ɗankwali na rufe rabin fuska. Bai bi ta gadar ba, ya juya ya hau wata siririyar hanya ta bayan gida, daga nan ya faɗa babban titi. Na kafa ido a gaba ina jiran shingen, ina jiran inda zai rage gudu ya miƙa ni ga waɗanda aikinsu ke nan. Duk fitilar da ta tsayar da mu sai in ce to, ga shi. Maman Obinna tana ta motsa baki da yarensu na Ibo, abin da ban taɓa jin ta yi a Sabon Gari ba. Gidaje suka ƙaru, na fara jin ƙanshin teku.

Ya tsaya a gaban tashar jirgin ƙasa ta Rimini, daidai inda muka hau bas da safe. Ya zagayo ya buɗe mana ƙofa. Na fito na tsaya ina jiran sauran. Babu saura. Ya sara mana, ya ce mu gai da gida.

Har ya juya, malantar da ke jikina ta motsa. Na ce ya yi haƙuri, tambaya ɗaya: a ina muka tsallaka iyakar, don ban ga wurin ba.

Ya ce a motarsa ba mu tsallaka komai ba. Gonar mamarsa a cikin Italiya take. Gadar nan San Marino take shiga.